Kwalbar Jini da Hannun Ma'aikaci

Duk wanda ya taɓa kai jini ɗakin gwaje-gwaje na Asibitin Dalhatu Araf a Lafiya, ya ga ɗan akwatin nan mai ramuka da ake jera kwalabe a ciki. Ba kasafai ake kula da shi ba, alhali kuwa yana cikin dabarun da aka daɗe ana nema don nisanta hannun ma'aikaci daga jinin majinyaci.

A da, da baki ake zuƙo jini cikin siririn bututu. A shekarar 1947 Joseph Kleiner ya ƙirƙiro rufaffiyar kwalba mai jan jini da kanta, a 1957 kuma na'urar Leonard Skeggs, wato AutoAnalyzer, ta shiga kasuwa. Amma a ganina gwarzon wannan fage shi ne Masahide Sasaki na Kochi a ƙasar Japan, wanda a farkon shekarun 1980 ya ɗora akwatunan kwalabe bisa bel, suna tafiya daga na'ura zuwa na'ura ba mai taɓa su.

Ga jihar Nasarawa, inda zazzaɓin Lassa ke waiwayowa da rani, wannan batu ne na rai. A 1969, sa'ad da aka kai jinin masu cutar daga Jos zuwa Jami'ar Yale ta Amurka, Jordi Casals ya kamu a ɗakin bincike, ya sha da ƙyar. Wani ma'aikacin kuwa ya rasu. Bayan buɗe ɗakin gwajin Lassa na Irrua a 2008, jinin majinyatan Lafiya ya sha yin tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa jihar Edo, a mota, cikin ƙanƙara, a hannun ɗan aike.