Yadda Baƙo Ke Samun Mai Haja a Zuru, Jiya da Yau

Duk wanda ya zauna a Rikoto, ko ya ratsa ta da hantsi lokacin da masu shaguna ke fid da hajarsu bakin titi, ya san ɗan gari ba ya bukatar a nuna masa wurin tela ko mai walda ko mai sayar da takin zamani, domin tare suka tashi, ya san uban kowa, ya kuma san wanda mudunsa ke cika da wanda ke tauyewa. Wahalar tijara tun asali ta baƙo ce, wanda ya zo da kuɗinsa ko kayansa alhali bai san kowa ba. Kuma tarihin talla a ƙasar Zuru, in aka bi shi da natsuwa, tarihin dabarun da aka yi ta yi ne domin baƙon nan ya sami wanda zai amince wa.

A zamanin da, sa'ad da Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, suke zaune a gindin duwatsunsu suna noman dawa da ƙira da ginin tukwane, maƙwabtansu Fakkawa da Dukkawa da Kambari kuma kowa da harshensa, falken da ya iso da gishiri ko kanwa ko tufafi ba ya kwance kaya sai ya sami mai masauki, kamar yadda al'adar fatauci take a ko'ina cikin ƙasashen nan. Mai masauki shi ne ke ajiye kayan, ya ciyar da baƙo, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an karɓi haja bashi. Dillali kuwa, wanda sau da yawa shi ne tafinta tsakanin mai Hausa da mai C'lela, ba shi da jari sai sunansa, kuma la'adar da ake ba shi lada ce ta sanin mutane: wane yana biya, wane sai an bi shi har gona. Ranar da aka kama shi da ha'inci, ranar sana'arsa ta mutu.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da yin nazari a kan mas'alar amana da ke cikin sayen abin da ido bai gani ba. Sun hana cinikin da ke da garari, wato wanda ba a san haƙiƙanin abin da aka saya ba, amma suka halatta sayar da hajar da ba ta nan muddin an siffanta ta siffa gamsasshiya. Har ma a Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Risala ta Ibn Abi Zaid an yi maganar sayen ƙunshin tufafi ba tare da an kwance shi ba, bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki, da sharaɗin in kaya suka saɓa wa siffa mai saye yana da zaɓi. Ina ganin duk matashin da ke sa hoton kayansa a waya ya kamata ya zauna gaban malami ya ji wannan babi, domin hukuncin sana'arsa ne ake faɗa.

Zuwan Turawa da mota ya rage wa mai masauki daraja, amma bai kawo wa ƙaramin ɗan kasuwa wani madadi ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, sai dai tallar da ke cikinsu ta manyan kamfanoni ce. Mai shago a Zuru, tun tana cikin lardin Neja har aka mai da ita jihar Sakkwato a 1976, sa'an nan Kebbi a 1991, abin da ya mallaka bai wuce allon da mai zane ya rubuta masa da fenti ba, da yara 'yan talla, da bakin mutane.

Wayar hannu ce, wadda ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, ta fara sauya lissafi. Aka wayi gari lambobi sun cika bangon shaguna, direbobin tasha suka zama masu kai saƙo Kwantagora da Koko da Birnin Kebbi, daga baya WhatsApp da Facebook suka ba tela damar nuna ɗinkinsa ga wanda ke Legas. Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 kuma ya tilasta wa har tsofaffin da suka rantse ba za su yarda da kuɗin da ba su ƙirga da hannu ba su koyi jiran alat.

To, me zai sa mai shago a Rikoto ya ƙara da shafin intanet nasa na kansa? Amsar tana cikin halin ƙasar. Zuru ƙasar sojoji ce, 'ya'yanta sun watsu a barikokin Kaduna da Jos da Maiduguri, kuma kowannensu yana da iyayen da zai saya wa buhun dawa, ko ginin da yake yi a gida wanda ke cin siminti da kwano alhali shi yana nesa. Tun da aka ɗaga Kwalejin Aikin Gona ta Zuru zuwa jami'ar tarayya a 2020, ɗalibai da malamai na zuwa daga jihohin da ba su san kowa a nan ba. Ga masu zuwa kallon bikin Uhola da ke neman masauki. Ga kuma masifar 'yan bindiga a yankunan Danko-Wasagu da Sakaba, wadda ta sa mai sayen hatsi daga nesa ba ya kama hanya sai ya tabbata akwai kaya. Waɗannan duka baƙi ne, kuma abin da suke nema shi ne wanda falke ya nema: suna tabbatacce, wuri sananne, siffar haja da farashinta, da hanyar komawa in an cuce su.

Shafin Facebook yana da amfani, ban musa ba, amma rumfar haya ce a kasuwar wani. A ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp suka ɗauke na wajen sa'a shida a duniya baki ɗaya, gwamnatin Nijeriya kuma ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Ban da wannan, ɗan damfara na iya buɗe shafi da sunan mutum ya karɓi kuɗin jama'a. Adireshin da mutum ya yi wa rajista, mai ƙarewa da .ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi, nasa ne muddin yana sabunta shi kowace shekara, kuma yana iya rubuta shi a allon shago da takardar rasit, ya sa lambar rajistar kasuwancinsa a kai.

Ban ce mai ƙosai ta nemi shafi ba, domin masu sayenta suna jin ƙamshin mai daga gidajensu. Maganata ga masu kayan gini ce, da masu masauki, da dillalan hatsi, da makarantun kuɗi. Su ma dole su lissafa kuɗin sabuntawa da na data, da ɗaukewar wuta da sabis, su kuma sami yaro amintacce mai gyara farashi duk sa'ad da kasuwa ta motsa, domin farashin bara a shafin bana ƙarya ce ko da ba a yi nufinta ba. Inda nauyin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ƙungiyar 'yan kasuwa na iya buɗe shafi guda da Hausa da Turanci, kowane memba da gurbinsa, shugabanni kuma su ƙi sa sunan duk wanda ba za su iya tsaya masa ba.