Ƙananan kayan aikin dutse na tsoffin mazauna Aktik

Kimanin shekara 4,500 da suka wuce, wasu mafarauta suka bazu daga Alaska zuwa arewacin Kanada har tsibirin Girinlan, yankin ƙanƙara inda bishiya ba ta tsirowa. Abin da aka fi sanin su da shi shi ne ƙanƙantar kayan aikinsu na dutse, domin wani kan kibiyar bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

A shekarar 1948 ne masani J. Louis Giddings ya tono irin waɗannan kaya a Iyatayet da ke gaɓar tekun Alaska. Ba duka kaɗai ke fitar da siffarsu ba. Mai sassaƙa yakan kafa tsinin ƙaho ko ƙashi a gefen dutsen, ya danna har ɓarɓashi ya ɓalle, ɗaya bayan ɗaya, sai baki ya yi kaifi kamar aska.

Daga nan a cusa dutsen cikin ƙotar ƙashi, ko ta itacen da teku ta koro gaɓa. Idan ya dakushe sai a sauya shi a bar ƙotar, don itace ya fi dutse wuyar samu. A Qeqertasussuk ta Girinlan, daskararriyar ƙasa ta adana wasu kayan da ƙotocinsu a jiki.