Ƙungiyar Da Alƙalami Ya Raya: Littattafan Dodgers Da Darasinsu Ga Ƙwallon Arewa

Gabatarwa

Wata ranar Asabar da la'asar ruwan sama ya tsare ni a Ushafa, garin maginan tukwanen nan da ke yankin Bwari, sai na fake a wani gidan kallon ƙwallo. Kafin a dawo daga hutun rabin lokaci gardama ta kaure tsakanin samari a kan Manchester United da Liverpool, kowa yana jero shekarun da ƙungiyarsa ta ci kofi kamar mai biya hadda. Da na ga haka sai na tambaye su, shin wace ƙungiya ce ta fara cin gasar lig ta ƙasa a Nijeriya a 1972? Wuri ya yi tsit. Wani dattijo mai sayar da goro a bakin ƙofa ne ya ce, "Mighty Jets ta Jos, malam, su Sam Garba." Kafin ya ƙara wani abu an koma wasa, hankalin kowa ya koma kan talabijin.

Samarin nan ba su da laifi, domin abin da aka rubuta aka yi ta maimaitawa shi ne ake sani. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna yadda littattafai kan tsawaita ran ƙungiyar wasa bayan zamaninta ya wuce. Za mu ɗauko misali daga Amurka, sannan mu dawo gida.

Dodgers Ta Burukilin

Besbol wasa ne da Amurkawa suka ɗauka tamkar gadon gidansu. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa tara. Ɗaya ya jefo ɗan ƙaramin ƙwallo, abokin hamayya ya doke shi da kulki, sannan ya ruga ya kewaya tashoshi huɗu kafin a mayar da ƙwallon. A ƙarshen kowace kaka zakarun rukunoni biyu kan kara domin fitar da gwarzon shekara.

Dodgers ƙungiyar unguwar Burukilin ce a birnin Niyu Yok, filin wasanta kuwa Ebbets Field, wanda aka buɗe a 1913. Abubuwa uku suka fito da sunanta. Na farko, a ranar 15 ga Afrilu 1947 ta sa Jackie Robinson a fili, wanda ya zama baƙar fata na farko da ya buga babbar gasar a wannan zamani, bayan an shafe shekaru fiye da hamsin ana hana baƙaƙe shiga. Na biyu shi ne yawan faɗuwa a bakin gaɓa: maƙwabciyarta Yankees ta kayar da ita a karawar ƙarshe a 1941 da 1947 da 1949 da 1952 da kuma 1953, har "sai baɗi" ta zama kirarin magoya bayanta. Sai a 1955 haƙarsu ta cim ma ruwa. Na uku kuwa shi ne hijira. Bayan kakar 1957 mai ƙungiyar, Walter O'Malley, ya kwashe ta ya kai Los Anjalis, inda take har yau. A 1960 aka rushe Ebbets Field aka gina gidajen haya a wurin.

Bisa al'ada nan ya kamata labarin Dodgers ta Burukilin ya ƙare, tun da fili ya tafi, 'yan wasa sun watse. Sai dai kuma marubuta ba su bari ba.

Abin Da Marubuta Suka Yi

Roger Kahn ɗan jarida ne da ya bi ƙungiyar yana aika wa jaridar New York Herald Tribune rahoto a 1952 da 1953. Bayan kusan shekara ashirin sai ya shiga neman tsofaffin 'yan wasan gida-gida, ya fitar da littafinsa The Boys of Summer a 1972. Ya tarar da Roy Campanella a keken guragu sakamakon haɗarin motar da ya yi a 1958. Ya sami Carl Furillo yana aikin ƙarfi a wurin ginin dogayen benen nan biyu na Cibiyar Ciniki ta Duniya. Shi kuma Robinson ciwon sukari ya ci ƙarfinsa, ya kuma rasu a watan Oktoba na shekarar da littafin ya fito. Da Kahn ya yi jinkirin shekara biyar, da wasu muryoyin sun riga shi kushewa.

A 1983 masanin tarihi Jules Tygiel ya wallafa Baseball's Great Experiment, inda ya ɗauki shigar Robinson a matsayin babi na gwagwarmayar baƙaƙen Amurka. A 1984 Peter Golenbock ya fito da Bums, wanda ya gina a kan hirarraki da 'yan wasa da magoya baya, kowa yana ba da labari da bakinsa. A 1997 kuma Doris Kearns Goodwin ta rubuta Wait Till Next Year, wato kirarin nan na "sai baɗi". Ta bayyana yadda mahaifinta ya koya mata rubuta sakamakon wasa tana 'yar shekara shida, ta saurara a rediyo da rana, da dare ta labarta masa. Daga nan ta koyi ba da labari, har ta zama mashahuriyar marubuciyar tarihi.

Mai karatu zai lura cewa ɗan jarida da malamin jami'a da mai tattara zantukan baka da 'yar kallo kowa ya shigo ta ƙofarsa. Cikinsu babu wanda ya tsaya ga lissafin ci kawai. Sun yi amfani da ƙungiyar sun rubuta tarihin unguwa da launin fata da tsufa da dangantakar uba da 'ya.

Mu Dawo Gida

Ba a rasa irin wannan labari a Arewa ba. An fara gasar Kofin Gwamna a 1945, wadda daga baya ta koma Kofin Ƙalubale, kuma ƙungiyoyin Ikko suka yi ta cinyewa har zuwa 1953, lokacin da Kano ta zama ta farko da ta fitar da kofin daga Ikko. A 1978 Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar lig. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci gasar a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, a 2009 kuma ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka.

Amma wadda ta fi kama da Dodgers ita ce Mighty Jets, wadda Alhaji Isiyaku Ibrahim ya ɗauki nauyinta. Shekara biyu kacal bayan ƙarewar yaƙin basasa ta ci lig ɗin farko, alhali a cikinta akwai su Ismaila Mabo da Sam Garba Okoye da Layiwola Olagbemiro da 'yan gidan Atuegbu, wato Arewa da Gabas da Yamma cikin riga ɗaya a garin Jos. Wannan kaɗai ya isa littafi, musamman ga wanda ya san halin da Jos ta shiga daga 2001. Ita ma tana da nata "sai baɗi". A wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale na 1972 ta yi biyu da biyu da Bendel Insurance a Ikko, aka sake wasan a Ibadan ta sha kashi uku da biyu. Ƙungiyoyin Jos sun sha zuwa wasan ƙarshe suna dawowa hannu rabbana, sai a 1999 Plateau United ta kai kofin gida.

Bahaushe ba baƙon adana jarumtar wasa ba ne. Ɗan Anace ya wake Shago, shi ya sa har gobe ake ambaton ɗan damben ko a inda ba a taɓa ganin sa ba. Matsalar ita ce ƙwallon ƙafa ya faɗa tsakanin makaɗi da marubuci. Yawancin tarihinsa yana warwatse a tsofaffin jaridu da bakin dattawa, alhali adabin kasuwar Kano tun daga tsakiyar shekarun 1980 ya tabbatar da cewa akwai masu rubutu da masu saye, sai dai hankali ya fi karkata ga soyayya da zaman aure.

Kammalawa

Lokaci ba ya jira. Sam Garba ya rasu a haɗarin mota tun 1978. Ismaila Mabo, wanda ya kai ƙungiyar mata ta ƙasa zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar duniya ta 1999, ya rasu a 2023. Kowane ɗaya ya tafi da abin da jarida ba ta ɗauka ba.

Saboda haka ina kira ga ɗalibanmu masu neman batun kundin digiri, da abokan aiki masu duba su, da su waiwayi wannan fage. Kayan aiki suna nan: tsofaffin kofe na Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian a Kaduna, da Nigerian Standard a Jos, da tsofaffin 'yan wasa da direbobi da masu sharhi a rediyo da 'yan kallo irin dattijon nan na Ushafa. A je da rikoda, a zauna da su, a rubuta da Hausa, a kuma tantance shekara da suna kafin a buga. Wanda ya fara da babi ɗaya a kan wasan Ibadan na 1972 ya ɗora harsashin da wani zai yi gini a kai.