Kokawar Kaka a Ƙasar Machina

A ƙasar Machina, can arewacin Yobe a bakin iyakar Nijar, gona ce ta saba gina ɗan kokawa. Damina a nan gajera ce, ba ta cika wuce Satumba ba, saurayi kuwa a sunkuye yake cinye ta, daga shuka zuwa noman fari da maimai. Kafin gero ya nuna, rumbu ya yi ƙasa, shi ma ya zabge, amma gadon bayansa da cinyoyinsa sun yi tauri.

Da an yi girbi sai makaɗa su fito. Ga sabon gero, ga fura da nono, ga hutun fartanya, nan da nan jiki ya murje.

Ba a jefa yaro cikin manya kai tsaye. Da langa yake farawa, sai kokawar dandali da sa'o'insa a farin wata, ya koyi kafa ƙafa a rairayi da zille wa taɗiya. Masu nazarin jikin matasan 'yan wasa sun bayyana amfanin wannan haƙuri. Ƙarfin makonnin farko daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi yake fitowa, domin suna koyon haɗa tsokoki su yi aiki tare. Tsoka ba ta yin kauri sosai sai an shafe wata ɗaya ko biyu, agara da ƙashi kuwa sun fi nawa. Shi ya sa mai zumuɗi, wanda ƙarfinsa ya riga gaɓoɓinsa nuna, yakan ƙare a hannun maɗori da targaɗe ko gocewar kafaɗa.

A tsallaken iyaka kuma, Nijar ta soma gasar kokawa ta neman takobi a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Tun daga nan kokawa ta zama harkar kuɗi da suna: kowace jiha ta Nijar takan tace gwanayenta, ta killace su ana ciyarwa ana atisaye. Yaron ƙauyen Machina ko Gashuwa dai har yanzu sai an kai hatsi gida yake shiga fage.