Yadda Dunƙulen Sabulu Ke Sauya Lokacin Fitowar Sinadari A Gwajin Magani

Tabbatar da cewa ƙwayar maganin da aka saya a kemis a Kado, ko wata unguwa ta Abuja, tana ɗauke da abin da aka rubuta a kwalinta aiki ne na ɗakin gwaji. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu, suna amfani da kuromatografi wajen irin wannan aiki. Masani ɗan ƙasar Rasha Mikhail Tsvet ne ya fito da dabarar a farkon ƙarni na 20.

Ana narkar da maganin, a tura shi da ruwan kora cikin wani siririn bututu da aka cika da gari mai maiƙo. Kowane sinadari yana da lokacin da yake ɗauka kafin ya fito, gwargwadon yadda garin ya riƙe shi. Da wannan lokaci ake gane shi.

A 1980, Armstrong da Henry, masana a Amurka, suka gwada sa sinadari dangin sabulu a ruwan korar. Wanda aka fi amfani da shi shi ne SDS. Kowace ƙwayarsa tana da kai mai son ruwa da jela mai son maiƙo. Idan yawansa ya kai kusan giram 2.4 a lita, ƙwayoyi kimanin 60 sukan haɗu su dunƙule, jela a ciki, kai a waje.

Daga nan sinadarin da ake gwadawa yana da masauki uku: ruwa, garin bututu, da cikin dunƙulen. Da yake dunƙulen yana tafiya da ruwa, duk sinadarin da ya shige shi zai riga fita. Saboda haka ƙara SDS yana rage jinkirin sinadarai masu son maiƙo, har jerin fitowarsu kan sauya. Wani ɓangare na SDS kuma yana lulluɓe garin, ya ba shi cajin lantarki. Sinadari mai kishiyar wannan caji yakan daɗe a riƙe, mai irinsa kuwa ya wuce da wuri.

Amfanin hanyar shi ne tana rage buƙatar kaushi masu guba da saurin kama wuta, irin su metanol. Haka nan dunƙulen yana narkar da furotin, don haka ana iya zuba fitsari ko ruwan jini kai tsaye ba tare da bututu ya toshe ba.

Rauninta shi ne sinadarai kan fito a baje, ba a tattare ba. Ana magance hakan da ƙara ɗan furofanol da ɗumama bututun zuwa digiri 40. Wajibi ne mai gwaji ya auna SDS daidai, ya kuma kwatanta da sahihin samfuri, domin kuskure kaɗan na iya sa a wanke jabu ko a ƙi na ƙwarai.