BAYANI: Abin da ya kamata a sani kafin a bai wa mai tafki kyautar baƙon kifi

A shekarar 1960, Magajin Garin Chicago na ƙasar Amurka, Richard J. Daley, ya bai wa Yarima Akihito na Japan kyautar wani ɗan kifi da ake kira bluegill. Yariman ya kai kifayen gida, ya miƙa su ga hukumar kamun kifi domin a yi bincike ko za su dace da abinci. Daga baya suka shiga tafkuna da kogunan ƙasar, suka hayayyafa, suka riƙa cinye ƙwai da 'ya'yan kifayen gida, musamman a Tafkin Biwa, wanda shi ne mafi girma a Japan. A 2005 gwamnati ta sanya bluegill a jerin baƙin halittu masu ɓarna da doka ta hana shigo da su ko sakinsu. A 2007 kuma Akihito, wanda ya riga ya zama Sarki, ya fito fili ya bayyana takaicinsa kan abin da kyautar ta haifar.

Shi wannan Yarima ne dai a 1965 ya aika wa Sarki Bhumibol na Tailan kyautar karfasa guda 50. An kiwata su a tafkunan fadar Chitralada da ke Bangkok, kuma a shekarar da ta biyo baya Sarkin ya miƙa 'ya'yan kifin 10,000 ga ma'aikatar kamun kifi domin a raba wa manoma. A yau karfasa na cikin kifayen da talakan Tailan ya fi dogaro da su wajen miya.

Kyauta biyu ce daga hannun manya, ɗaya ta ciyar da al'umma, ɗaya ta zama annobar da har yanzu ake kashe kuɗi wajen yaƙarta. Bambancinsu yana ga irin kifin, da ruwan da aka zuba shi, da inda ya iya kaiwa daga nan. Waɗannan su ne tambayoyin da ke gaban duk wanda ya yi niyyar bai wa mai babban tafki na waje kyautar kifin da ba a saba gani ba.

Koi: sarkin kifayen ado

Kifin da ya fi shahara a wannan fage shi ne koi, wanda Japanawa ke kira nishikigoi. Asalinsa kifin ci ne. Manoman shinkafa na yankin Ojiya da Yamakoshi a jihar Niigata sun kasance suna kiwonsa a tafkunan ban-ruwa domin su sami nama a lokacin da dusar ƙanƙara ke rufe musu hanya. A farkon ƙarni na 19 suka fara lura da wasu masu ɗigon ja ko fari, suka ware su, suka riƙa haɗa su aure har launin ya kafu. Sauran ƙasar ba ta san da su sosai ba sai a baje kolin Tokyo na 1914, inda aka nuna su, aka kuma kai wasu fadar Sarki a matsayin kyauta.

A yau akwai nau'in koi sama da 100, amma uku ne ke kan gaba wajen daraja. Kohaku fari ne mai zanen ja. Sanke fari ne mai ja da ɗigon baƙi. Showa kuwa baƙi ne da aka yi wa ado da ja da fari. Akwai Tancho mai jan tabo guda ɗaya tak a tsakar ka, wanda ake so saboda kamarsa da tutar Japan, sai Ogon mai launi ɗaya da ke ƙyalli kamar zinariya ko azurfa. Masu saye suna duba tsayi da cikar jiki, da hasken fata, da kaifin iyakar launi, da kuma gidan da aka haifi kifin.

Harkar ta manyan kuɗi ce. A Oktoban 2018 an sayar da wata Kohaku mai tsawon kusan mita ɗaya a gwanjon gonar Sakai da ke Hiroshima kan yen miliyan 203, kimanin dala miliyan 1.8. A 2022 Japan ta fitar da koi na kusan yen biliyan 6.3 zuwa ƙasashen waje. Girgizar ƙasar da ta auka wa Niigata a Oktoban 2004 ta farfasa tafkuna ta hallaka kifaye masu yawa a Yamakoshi, amma masu kiwo sun farfaɗo, kuma yankin na nan a matsayin cibiyar sana'ar.

Ƙaramin koi ba shi da tsada, kuma a nan ne masu kyauta ke ruɗuwa. Ɗan kifin da ke shiga tafin hannu yana iya kai santimita 60 zuwa 90, ya kuma rayu shekara 25 zuwa 35 ko fiye idan ya sami kulawa. Wanda aka ba shi, an ɗora masa ɗawainiyar abinci da lantarki da magani na shekaru masu yawa.

Sauran kifayen da ake sha'awa

Mai neman abin da ya fi koi ban mamaki yakan karkata ga sturgeon, kifi mai dogon baki da layukan ƙashi a jiki, wanda daga ƙwansa ake yin abincin attajirai na kabiya. Ƙaramin nau'insa, sterlet, yana kusantar mita ɗaya, na Saiberiya kuwa yana iya kai mita biyu. Kifin ruwan sanyi ne mai buƙatar iskar oksijin da yawa, a ƙasan ruwa yake cin abinci don haka koi kan riga shi cinyewa, kuma idan ya sarƙe a cikin gansakuka yakan kasa fita ya mutu. Tun 1998 dukkan nau'in sturgeon ke ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ke nufin ba a tsallaka iyaka da shi sai da takardar izini.

Akwai orfe mai ruwan zinariya, kifi mai sauri da ke yawo a saman ruwa. Ba ya zama shi kaɗai, sai cikin garke na biyar ko shida, kuma shi ne kan fara galabaita idan iska ta yi ƙaranci. Tench yana zama a ƙasa, da wuya ma a gan shi, don haka kyauta ce da mai ita zai daɗe bai sa ta a ido ba. Shubunkin da sauran dangin kifin zinariya sun fi kowa juriya da sauƙin kiwo, sai dai suna hayayyafa har su cika tafki.

Rukunin da ya fi haɗari shi ne na kifaye masu farauta da ake sayarwa suna ƙanana, irin su alligator gar na Amurka da arapaima na Kogin Amazon, waɗanda kan haura mita biyu. Duk kifin da ya shiga bakinsu abinci ne. A Agustan 2022 sai da hukumomin birnin Ruzhou na ƙasar Sin suka zuƙe ruwan wani tafkin shaƙatawa kacokan domin kama alligator gar da aka gani a ciki.

Tafkin ne ke zaɓen kifi

Kafin a je kasuwa, ana bukatar sanin abu huɗu game da tafkin: yawan ruwansa, zurfinsa, zafinsa, da kifayen da ke ciki. Masu kiwo kan ƙiyasta aƙalla lita 1,000 ga kowane babban koi, da zurfin da bai gaza mita 1.2 ba, domin ruwa mai zurfi ba ya saurin yin zafi ko sanyi, kuma yana kare kifi daga zalɓe.

Girman tafki kaɗai ba ya wadatarwa. Kashin kifi da ragowar abinci suna fitar da sinadarin amoniya, wanda guba ne. Ƙwayoyin halitta da ke zaune a cikin matatar ruwa su ne ke sauya shi zuwa abin da ba ya cutarwa, kuma yawansu daidai yake da yawan kifin da suka saba da shi. Idan aka ƙara manyan kifaye da yawa a rana ɗaya, matatar takan gaza, tsofaffi da sababbi su jikkata tare. Ruwan famfo mai sinadarin kulorin ma yana kashe kifi da waɗannan ƙwayoyi idan ba a gyara shi ba.

Zafi kuwa shi ne babbar matsala a ƙasashe irin su Najeriya da Nijar. Koi ya fi sakewa tsakanin digiri 15 da 25 a ma'aunin Selshiyas. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin a kowace lita, amma a digiri 30 adadin yakan sauka zuwa kusan 7.5, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi buƙatarsa. Da asuba iska ta fi ƙaranci, saboda tsirrai sun kwana suna shaƙa. Inda wutar lantarki ke ɗaukewa, daren bazara guda ba tare da injin hura iska ba ya isa ya ƙarar da tafki. Koi na iya rayuwa a ƙasa mai zafi idan akwai inuwa da zurfi da wuta mai ɗorewa, amma sturgeon da orfe ba na irin wannan yanayi ba ne.

Cutar da ke shigowa tare da baƙo

Babban haɗarin sabon kifi ga tsofaffin tafki shi ne cutar KHV, ƙwayar bairos da ke kama koi da danginsa. An fara ganin ɓarnarta sosai a Isra'ila a 1998, ta isa Indonesiya a 2002, sannan a 2003 ta kashe kifi sama da tan 1,000 a Tafkin Kasumigaura na Japan. Tana tashi idan zafin ruwa yana tsakanin digiri 16 da 28, tana lalata sassan numfashin kifi, kuma takan kashe kashi 80 cikin 100 ko fiye na waɗanda suka kamu. Ba ta da magani, ba ta kuma kama mutum. Kifin da ya tsira yana iya ɗauke da ita ya yaɗa alhali yana iyo lafiya lau, shi ya sa kyan gani a shago ba shaida ba ne. Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta sanya ta cikin cututtukan da wajibi ne ƙasashe su bayar da rahotonsu.

Rigakafi ya fi magani: a sayi kifi daga dillali mai takardar shaidar lafiya, a killace shi a wani mazubi dabam na aƙalla mako huɗu, da raga da bokiti nasa na kansa. Ranar sakinsa, akan ɗora ledar a kan ruwan tafkin na kimanin minti 20 domin zafin ya daidaita, sannan a ɗauko kifin a bar ruwan ledar a waje. A shago kuma a guji kifin da ya keɓe kansa, ko ya manne fukafukansa, ko yake goga jiki a bango, ko yake haki a saman ruwa.

Doka da muhalli

Tafkin waje ba kejin da ke rufe ba ne. Ambaliya ɗaya tana iya kwashe kifi zuwa rafi, wasu masu shi kuma da kansu suke zubarwa idan ya yi musu girma. Koi da ya kuɓuce yana tonon ƙasan ruwa, yana tumɓuke tsirrai, yana gurɓata ruwa. Saboda haka jihohin Queensland da Victoria na Ostareliya suka haramta ajiye shi, New Zealand ma tana ɗaukarsa a matsayin kifi mai ɓarna.

Afirka ta ɗanɗana irin wannan. Giwan ruwa, wanda ɗan gida ne a Kogin Neja da Tafkin Chadi, baƙo ne a Tafkin Victoria. An zuba shi can a shekarun 1950, kuma ana alaƙanta shi da ɓacewar kusan nau'i 200 na ƙananan kifayen tafkin. A Najeriya, shigo da kifi mai rai daga waje yana buƙatar izinin hukumar killace dabbobi da tsirrai ta NAQS.

Idan wanda za a bai wa jami'in gwamnati ne

Kifin ado dukiya ce da ba ta da farashi tsayayye, kuma ba ta barin sawu irin na banki. A Japan, tafkin koi na gidan Kakuei Tanaka, Firayim Minista ɗan Niigata wanda daga baya kotu ta same shi da laifi a badaƙalar cin hancin kamfanin Lockheed, ya zama alamar siyasar kuɗi a idon jama'a.

Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya hana jami'in gwamnati neman ko karɓar wata dukiya saboda aikin ofishinsa. Kyautar da ta fito daga kamfani ko ɗan kwangilar gwamnati ana ɗaukarta a matsayin saɓa wa doka har sai an tabbatar da akasin haka. Abin da aka yarda da shi shi ne kyautar dangi da abokai a lokutan da al'ada ta sani, wadda aka bayar a taron hukuma kuwa ta ofis ce. Dokar ba ta ware dabba mai rai ba.

Mene ne mafita?

Masu kiwo da yawa ba sa son a yi musu bazata da kifi, domin su ne suka san ruwansu, kuma ƙin karɓar kyauta abu ne mai nauyi. Hanya mafi aminci ita ce a tambayi mai tafkin tun da wuri, ko a biya kuɗin a wurin amintaccen dillali a bar shi ya zaɓa a lokacin da ya shirya wurin killacewa. Idan kuma bazatar ce ake so, injin hura iska mai aiki da hasken rana, ko kayan gwajin ruwa, ko furen bado, duk suna amfanar kifayen da ke ciki ba tare da an jefa su cikin haɗari ba.