Sulallan Rumawa da Shaidarsu Kan Tashoshin Jiragen Ruwa

Yau za mu leƙa daular Rumawa, mu ga yadda ɗan sulen da bai cika tafin hannu ba ya zama shaida kan manyan gine-ginen da yashi da girgizar ƙasa suka shafe, mu kuma auna iyakar abin da ya kamata a karɓa daga bakinsa.

Birnin Rum bai iya ciyar da kansa ba. Alkamar da mutanensa ke ci ta teku take zuwa, daga Masar da Arewacin Afirka, ga shi kuma yashi ya hana manyan jirage shiga bakin kogin Tiba. Don haka a shekarar 42 Miladiyya Sarki Kalaudiyus ya sa aka fara haƙa tasha arewa da garin Ostiya. Marubucin tarihi Suwetoniyus ya ruwaito cewa an nutsar da wani ƙaton jirgi, wanda ya taɓa ɗauko dogon dutse daga Masar, aka ɗora harsashin hasumiyar fitila a kansa. Kalaudiyus ya rasu a shekarar 54. Wajen shekarar 64 magajinsa Nero ya buga sulen tagulla ɗauke da hoton tashar.

Wanda ya ƙura wa wannan sule ido zai ga tashar kamar daga sama yake kallonta. A hagu akwai lanƙwasasshiyar katanga mai jerin ginshiƙai, a dama wata katangar mai jerin kafofi. A tsakiya jirage ne, galibi bakwai, manya da ƙanana. Sama ga mutum-mutumi tsaye bisa gini a mashigar tashar, ƙasa kuma ga surar wani mutum a kishingiɗe riƙe da abin juya jirgi. Yau teku ta ja baya, wurin ya zama tudu kusa da filin jirgin sama na Fiyumicino, inda aka tono ragowar jiragen Rumawa lokacin gina filin. Abin da ya rage na katangun yawanci harsashi ne, saboda haka masana ke komawa ga sulen in suna son sanin kamannin abin da ke bisansa.

Sai dai sule maroƙin sarki ne, abin da ubangidansa ke so shi yake faɗa. Bai ambaci Sarki Kalaudiyus a matsayin mai aikin ba, alhali shi ya fara shi. Ruwan da ya nuna a kwance yake, amma marubuci Tasitus ya shaida cewa a shekarar 62 guguwa ta hallaka jirage kusan 200 a cikin tashar kanta. Ko adadin jiragen ma yakan bambanta daga wannan sule zuwa wancan, domin maƙerin alama yake yi a fili ƙanƙane, ba taswirar magina ba.

Bayan haka Sarki Tarajan ya haƙa sabuwar tasha mai kusurwa shida a bayan ta farko, can ciki inda iska ba ta da ƙarfi, kowane gefe ya kai kimanin mita 358. Shi ma ya buga sule wajen shekarar 112, mai nuna kusurwoyin da gine-ginen da suka kewaye ruwan, da sunansa a rubuce. A nan gani ya kori ji, don wannan tafki yana nan har gobe da kusurwoyinsa shida. Ƙasa ta gaskata sule, shi kuma ya ƙara mana da siffar gine-ginen da suka rushe.

Sai mu tsallaka teku zuwa Iskandariyya ta Masar, inda alkamar ke tasowa. Shahararriyar hasumiyar fitilarta, wadda aka gina ƙarni uku kafin Miladiyya, ta fito a sulallan da aka buga a birnin zamanin sarakuna irin su Hadiriyan da Antoninus Piyus. Suna nuna ta hawa-hawa, da surori masu busa ƙaho a kusurwoyi, da mutum-mutumi a ƙololuwa, wasu kuma da ƙofa a sama da ƙasa. Ibn Baɗuɗa ya ziyarce ta a 1326, shi ma ya ambaci cewa ƙofarta tana sama da ƙasa. Da ya komo a 1349 ya tarar ta lalace har ba ta shiguwa. A 1477 Sarkin Masar Ƙaitabai ya fara gina sansani a gurbinta. Da Bajamushe Hermann Thiersch ya fitar da zanen hasumiyar a 1909, sulallan nan ya haɗa da bayanan marubutan Larabawa.

Ashe ke nan shaidar sule ba ta tsayuwa ita kaɗai. Sai an ajiye ta gefen abin da aka tono da abin da marubuta suka rubuta, a karɓi inda suka dace, a dakata inda suka saɓa. Wannan ita ce ƙa'idar da ta kamaci duk mai riƙe da tsohon kuɗi ko tsohuwar takarda yana neman tarihi a cikinta: ya fara tambayar wanda ya sa aka yi ta, da abin da yake so a gani. Mu kwana nan, sai mun haɗu a rubutu na gaba.